Kunnen Oba-Oba

Kowa ya taɓa ganin ɗan sanda, ko mai gadi, ko ma'aikacin filin jirgin sama, riƙe da wani ɗan akwati baƙi mai tsinke a ka. Ya kan kai shi bakinsa ya yi magana, sa'an nan ya yi shiru, sai murya ta fito daga ciki ta amsa masa. Mutane suna kiran wannan abu oba-oba, domin masu aiki da shi in sun ƙare magana su kan ce "oba", watau, "Na gama, saura kai." Rediyo ce, amma ta bambanta da wadda mu ke jin labarai da ita a gida. Ta gida kunne kaɗai gare ta. Wannan kuwa tana da baki, tana da kunne, an haɗa su cikin akwati guda.

Labarin kunnen za mu yi. Aikin baki ba shi da wuyar ganewa, gama ihu kowa ya iya. Amma ka tsaya tsakiyar kasuwa ran da ta ke ci, ɗanka yana can bakin kasuwa yana kiranka, ka ga ko za ka tsinci muryarsa cikin muryoyin mutum dubu. Abin da kunnen oba-oba ke yi ke nan dare da rana. Mutum kuwa in an ba shi ita ya yi aiki, bai san halin kunnenta ba, wata rana sai a kira shi a kan abin da ya shafi rai ko dukiya, ya kasa ji.

Da fari sai mu san abin da ke isowa. In ka jefa dutse cikin tafki, za ka ga ruwa ya kaɗa, igiyoyinsa suna bazuwa zobe-zobe har gaɓa. Haka nan in aka sa lantarki ya yi ta kai da kawowa cikin sandan ƙarfe da sauri ƙwarai, sai waɗansu igiyoyi da ido ba ya gani su tashi daga jikin ƙarfen su bazu ko'ina. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz shi ya fara nuna haka a 1887. Mutanen da su kan ce "wayar iska", amma ba iska ke ɗauke da igiyoyin nan ba. Ko inda babu iska sam suna wucewa. Gudunsu ɗaya da na haske, kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Kafin ka ce "ɗaya", sun ci tafiyar da ta isa kewaya duniya sau bakwai.

Kowace igiya da yawan kaɗawarta. A kan ƙirga sau nawa ta ke kai da kawowa cikin daƙiƙa guda, duk lambobin da za ka gani a gaba kuwa wannan ƙirga ce. Muryar mutum a hankali ta ke kaɗawa: abin da a ke bukata don a gane magana yana tsakanin 300 da 3,000. Igiya mai nauyin jiki haka ba ta tashi daga ɗan gajeren ƙarfe. Sabo da haka sai bakin oba-oba ya yi wata igiya mai sauri, misali mai kaɗawa sau 150,000,000, ya ɗora mata muryar kamar yadda a ke ɗora wa jaki kaya. Bari mu kira ta igiyar dako. Aikin kunne duka shi ne ya gane jakinsa cikin garke, ya jawo shi gida, ya sauke kayan.

Tsinken nan na ka shi ne eriya. Igiyar dako in ta ratsa ta, sai lantarkin da ke cikin ƙarfen ya shiga kaɗawa tare da ita. Amma ɗan kaɗan ne ainun. In mai magana yana nesa, ƙarfin da ke isowa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na ƙarfin batirin tocila guda ba, oba-oba mai kyau kuwa tana jin wannan. Tsawon eriya ba da ka a ke yinsa ba. Igiya mai kaɗawa sau 150,000,000 tsawonta mita 2 ne daga tozo zuwa tozo, eriyar da ta dace da ita rubu'in wannan ce, watau wajen kamu guda. In ka ga gajeruwa mai rigar roba, to, wayar tana ciki, naɗe ta aka yi. Kada ka ɗauki oba-oba ta eriya kamar mai ɗaukar zomo ta kunne, kada kuma ka kwantar da ita in kana sauraro. A tsaye ta fi ji, gama ta mai kiranka ma a tsaye ta ke.

Eriya guda ce, baki da kunne suna tarayya a kanta, amma ba su aiki da ita lokaci guda. A gindinta akwai mararraba. In ba ka taɓa kome ba, hanya a buɗe ta ke zuwa kunne. Da ka danna maɓallin magana da ke gefe, sai hanyar kunne ta rufe, ta baki ta buɗe. Dole a yi haka, domin ƙarfin da baki ke fitarwa ya fi abin da kunne ya saba karɓa sau miliyoyi, in ya afka masa sai ya ƙone shi. To, ka riƙe wannan: muddin yatsanka na bisa maɓallin, kai kurma ne. Ko sarki ke kiranka ba ka ji. Asalin faɗin "oba" ke nan.

Eriya ba ta zaɓe. Duk abin da ke yawo a sarari tana kwasowa: gidajen rediyo, maganar matuƙan jirgin sama, walƙiya, tartsatsin injin babur. Sabo da haka abu na fari da ke cikin kunne mai tacewa ne. Ka san lilon yara. In ka tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da yatsa ɗaya ne, sai ya yi ta ƙara nisa; in ka tura shi barkatai, ba inda za shi. Kowane lilo da saurinsa, gwargwadon tsawon igiyarsa. Masu hikima sun yi wa lantarki lilo da abu biyu: naɗaɗɗiyar waya, da 'yar ma'ajiya, watau faranti biyu na ƙarfe suna fuskantar juna ba su taɓa juna ba. Lantarki ya kan zuba daga ma'ajiyar zuwa naɗin, ya komo, ya sake zuba. Igiyar da saurinta ya yi daidai da na lilon nan ita ke motsa shi sosai. Sauran su yi ta turi har su gaji.

Abin da ya wuce sai a ƙara masa ƙarfi. Mai yin wannan aiki wata 'yar ƙwaya ce da a ke kira taransista, wadda aka ƙago a Amurka a 1947. Misalinta kan famfo ne: hannun ƙaramin yaro ya isa ya murɗa shi, ruwa mai ƙarfi ya zubo ko ya tsaya. Ɗan lantarkin da ya zo daga eriya shi ne hannun yaron, ruwan kuwa daga batir ya ke fitowa. Yadda hannu ya motsa haka ruwa ke bi, sai ga kaɗawar nan sak, amma babba. Taransista ta fari ita a ke fi zaɓa da kula, a sa wadda ba ta da surutun kanta. Mu akawuna mun san dalili. In magatakarda na fari ya yi kuskure, duk wanda ya kwafa daga gare shi har da kuskuren ya ke kwafa, ba mai iya gyarawa a gaba. Kafin taransista, da waɗansu ƙwayaye na gilashi irin na fitilar lantarki a ke wannan aiki. Oba-obar da sojan Amurka suka riƙa goyawa a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1943, ƙwai 18 ke cikinta, nauyinta ya fi laba 30, nisan jinta kuwa wajen mil 3.

Yanzu mun zo wurin da wuya ta ke. Masu aiki da oba-oba suna da yawa, wuri kuwa kaɗan, sai aka jera su kusa da kusa. Tsakanin tasha da maƙwabciyarta sau da yawa bai wuce 12,500 ba. In taka tana kan 150,000,000, ta maƙwabcinka tana kan 150,012,500. Bambancin kashi ɗaya ne cikin 12,000. Kamar a ba ka ƙwarya biyu na gyaɗa, ɗaya ƙwaya 12,000, ɗaya 12,001, a ce ka ɗora su bisa ma'aunin kasuwa ka faɗi wadda ta fi nauyi. Lilon nan na fari ba ya iyawa. Ko da an sha wahala an ƙera mai iyawa, da ka juya zuwa wata tasha sai a sake ƙera wani.

Maganin wannan ya fito lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Wani Bafaranshe, Lucien Lévy, ya rubuta irin wannan dabara a 1917, wani hafsan sojan Amurka kuma, Edwin Armstrong, ya gina na'urar a birnin Paris a 1918. Ni da na yi shekaru ina aikin tafinta, ban ga wuyar gane dabarar ba. A ce alƙali Hausa kaɗai ya ke ji. Yau Bafillace ya kawo ƙara, gobe Babarbare, jibi Banufe. Ba a cewa alƙali ya koyi harsunan nan duka. Sai a sa tafinta tsakani. Kowa ya zo a juya maganarsa zuwa Hausa, alƙali yana zaune wurinsa ya yi aikin da ya gwanance a kai. Tafinta a ke sakewa, ba alƙali ba.

Haka a ke yi wa igiya. Cikin kunne akwai wani ɗan inji mai yin kaɗawa ta kansa, mu kira shi injin gida. Sai a gama kaɗawar baƙuwa da ta gida a wuri guda, su haifi ta uku, wadda yawanta shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Wannan ba sihiri ba ne. Mutum biyu suna tafiya tare, ɗaya yana taku 100 a minti, ɗaya 90. Ka kasa kunne, za ka ji ƙafafunsu sun faɗi tare, sun saɓa, sun sake haɗuwa, har sau 10 cikin minti. Daga 100 a ɗebe 90, saura 10.

Ga lissafin yadda ya ke a oba-oba da yawa. Alƙalin an ƙera shi ya ji 10,700,000 kaɗai. Kai kuwa kana son tashar 150,000,000. Sai injin gida ya kaɗa sau 139,300,000. Ɗauki alƙalami ka ɗebe wannan daga wancan, za ka sami 10,700,000 cif. Muryar da ke bisa igiyar ba ta taɓu ba, jaki kawai aka sake mata. In ka murɗa zuwa wata tasha, ba abin da ka canja sai saurin injin gida, don sabuwar tashar ita ma ta faɗo bisa 10,700,000. Domin kada injin ya yi gaba ko baya, an ɗaure shi da wani ɗan dutse mai kama da gilashi, irin wanda ke riƙe lokaci cikin agogon hannu mai batir. In lantarki ya taɓa dutsen nan, kaɗawarsa tsayayya ce.

Tun da alƙali ba ya motsi, an sami damar ƙera masa rariya mai ƙananan ido, ita ma da irin dutsen nan. Galibi a kan sake juyawa sau na biyu, a gama 10,700,000 da 10,245,000, a sami 455,000. Ka lura da abin da ya faru. Maƙwabcin nan har yanzu 12,500 ke tsakaninku, amma yanzu cikin 455,000 ne, watau kashi ɗaya cikin 36. Gyaɗa 36 da gyaɗa 37 kuwa, ko ƙaramin ma'auni ya raba su. Nan a ke korar maƙwabci, nan kuma a ke ƙara mafi yawan ƙarfi.

Dabarar tana da aibi guda. Wurin gamawa ba ya bambanta sama da ƙasa. Igiyar da ta fi injin gida da 10,700,000 tana wucewa, wadda ta gaza shi da 10,700,000, watau 128,600,000, ita ma tana wucewa, wannan kuwa cikin rabon jiragen sama ta ke. Abin da ya sa ba a jefar da lilon nan na fari ba ke nan. Ko da ya ke ba ya raba maƙwabta na kusa, ya isa ya tare wannan baƙo na nesa tun daga ƙofa. Oba-oba mai araha a nan a kan rage mata kaya, shi ya sa in ka kai ta kusa da babban gidan rediyo sai ta rikice, ko ta kurumce.

Saura sauke kaya. Hanya biyu a ke ɗora murya bisa igiya, mai kalangu kuwa yana yin su duka. In ya buga da ƙarfi, sa'an nan ya buga a hankali, ƙara ce ke hawa da sauka. Wannan ita ce AM. In ya matse igiyoyin kalangun da hammata ya saki, ƙarfin bugu na nan yadda ya ke, amma muryar kalangun ta yi sama ta yi ƙasa. Wannan ita ce FM, wadda Armstrong ɗin nan ya fito da ita a 1933. Oba-oba ta hannu galibi da FM ta ke aiki. Maganar mai kira tana sa igiyar dako ta ɗan ƙara sauri, ta ɗan rage, abin bai wuce 2,500 ko 5,000 kowane gefe ba.

Ga amfanin haka. Walƙiya da tartsatsin inji ƙarfin igiya su ke fi ɓatawa, ba saurinta ba. Wanda ya taɓa sauraron matsakaicin zango da damina ya san ƙaras-ƙaras ɗin nan. To, kafin a sauke kaya sai a bi da igiyar ta wurin wani mai aski, ya aske duk tozon da ya yi tsawo, su zama kai ɗaya. Datti ya tafi da askin, saƙo kuwa bai taɓu ba, gama ba cikin tsawo ya ke ba. Sa'an nan mai sauke kaya ya auna saurin: in igiya ta ƙara sauri ya fitar da lantarki gaba, in ta rage ya fitar da shi baya. Wannan gaba da baya ita ce muryar, kamar yadda ta shiga can. Amma FM tana da halin fadanci. In mutum biyu suka yi magana lokaci guda bisa tasha guda, mai ƙarfi kaɗai ta ke bi, na nesa ya ɓace kamar bai yi magana ba. Matuƙan jirgin sama har yau da AM su ke magana da hasumiya, inda in biyu suka haɗu a kan ji fito mai tsini, a san akwai wanda aka danne, a ce ya sake faɗa.

Daga nan hanya ta miƙe. A ƙara wa muryar ƙarfi gwargwadon yadda ka murɗa maɓallin ƙara, a kai ta lasifika. Lasifika naɗin waya ne kusa da maganaɗisu, manne da takarda mai siffar mazurari. Lantarki ya tura naɗin gaba da baya, takarda ta kaɗa iska, iska ta kaɗa kunnenka. Oba-oba ta zamanin nan in ka buɗe ta ba lalle ka ga kayan nan ɗai-ɗai ba. Da yawa an taƙaita su cikin ƙwaya guda da ba ta fi farcen yatsa ba, waɗansu ma su kan juya igiyar zuwa lambobi, su yi tacewa da sauke kaya da lissafi irin na kwamfuta.

Abu guda ya rage, shi ne kuwa wanda hannunka ke iya gyarawa ko ɓatawa. In ba wanda ke magana, kunne ba ya hutawa. Sai ya ƙara ƙarfi iyakar iyawarsa yana neman abin ji, har ya kai ga ɗan motsin da zafi ke sa lantarki yi cikin kayansa, ya fito da shi da ƙara, shuuu, kamar ruwan sama bisa rufin kwano. Ba mai iya kwana da wannan. Sabo da haka aka sa dogari gaban lasifika. Shi dogarin, ƙarar nan ya ke saurare. Muddin tana da yawa ya san ba kowa, ya rufe ƙofa. Da igiyar dako ta iso, ƙarar ta kan kwanta, sai ya buɗe. Ɗan "kish" ɗin da ka ke ji bayan mutum ya gama magana, ita ce ta kuɓuce kafin dogari ya rufe.

Kai ne ke gaya wa dogari iyakar tsananinsa. A waɗansu maɓalli a ke murɗawa, a waɗansu lamba a ke zaɓa, inda aka rubuta SQL. In ka tsananta shi ƙwarai, ba ya buɗe wa kowa sai mai ƙarfi na kusa. Na ga abin da wannan ya jawo a wani sito inda na yi akawu. Masu gadin dare biyu ne, ɗaya a ƙofa, ɗaya yana zagaya bayan ɗakunan ajiya masu bangon kwano. Na ƙofa ya gaji da oba-obarsa da ke ɗan tsaki lokaci-lokaci, sai ya murɗa maɓallin har ƙarshe, ya sami shiru. Can tsakar dare ɗan'uwansa ya ga hayaƙi na fitowa daga ɗakin auduga. Ya kira, ya kira. Batirinsa ya yi sanyi, ga kwano tsakani, igiyarsa ta iso da rauni. Ta iso kuwa, kunne ya kama ta, ya tace, ya juya, ya sauke maganar, dogari ne ya hana ta fita. Sai da mutumin ya sheƙo da gudu. Kafin a tara jama'a da ruwa, rabin ɗakin ya tafi. Da safe aka ce na'ura ce ta lalace, aka kai wa mai gyara, ya duba bai sami kome ba. Ni na rubuta takardar sallamar mai gadin, ban kuwa ji daɗin rubuta ta ba, gama ba wanda ya taɓa nuna masa aikin maɓallin nan.

Ga yadda a ke daidaita shi. Ka sassauta har ƙarar ta fito, sa'an nan ka tsananta kaɗan-kaɗan, daidai inda ta ɗauke ka tsaya. In mai lamba ce, ka zaɓi mafi ƙanƙantar lamba da ke kawo shiru. In kana jiran kira daga nesa, ko magana tana zuwa tana yankewa, ka buɗe ƙofar gaba ɗaya ka jure wa ƙarar. Ka fita daga ɗaki, ka hau tudu in akwai, gama igiyoyi masu sauri irin waɗannan kusan a miƙe su ke tafiya kamar haske, dutse da ƙarfe suna tare su.

Akwai kuma wani dogari mai tambayar alama. In ƙungiya biyu suna tarayya a tasha guda, kowace a kan ba ta wani ɗan amo mai kauri, tsakanin 67 da wajen 250, wanda ke tafe ƙarƙashin magana, ba a barinsa ya kai lasifika. Dogarinka ba ya buɗewa sai ya ji amon ƙungiyarku. Masu sayarwa su kan ce wannan yana rufe asiri. Ba ya rufewa. Kai ne ba ka jin su. Duk wanda bai sa irin wannan dogari ba yana jinka sarai. Tun da ba ka jin su kuma, kana iya danna maɓalli ka hau kan maganar wani ba ka sani ba. A jikin yawancin oba-oba akwai 'yar fitila da ke kamawa in tasha na da mutum. Ka dube ta tukuna, sa'an nan ka danna.